Wakilci a Taron Safe

Asabar, bayan la'asar

An ɗauki Mas'udu aiki! Jikana, wanda na riƙa ɗorawa a wuya zuwa gona a Yargoje, an ɗauke shi aiki, kuma ba zai bar gida ba!

Af, na manta. Bismillahi. Assalamu alaikum. Malam Harisu da ya koya mamu boko a ajin dare ya ce ba a faɗa wa takarda kamar akuya ta samu rumbu buɗe, sai an yi sallama. Allah ya jiƙanshi, yau dai ya yi mani uzuri. Ni ne Gide. Da furfurata na koyi riƙe biro, saboda haka rubutuna a hankali yake tafiya, zuciyata ce ke gudu.

Kamfanin a Kaduna yake. Manhaja suke ƙerawa, wato abin da ke cikin waya yana sa ta aiki. Tasu ta ƙananan asibitoci ce, a cikinta ake rubuta marasa lafiya da maganinsu. Mas'udu zai zauna nan Ƙanƙara, a ɗakin zaure, da kwamfutarshi da sola, ya yi nashi kason ya tura. Wata uku na gwaji, in sun gamsu su tabbatar da shi.

Na ce mashi, "To yanzu sai ka sakar mani matata ka nemi taka."

Ya ce, "Tsoho, ai yanzu na fara. Dada, wa kika zaɓa, mai albashi ko mai sanda?"

Dada, kakarshi, ta ce mai albashi. Bayan duk tuwon da muka ci tare.

Uwarshi Fatimatuzzahra ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kakar bara.

Da ubanshi na nan. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanshi ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Ya tafi Daudawa sayen masara bara, bai dawo ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, da hantsi

Na gano yadda aikin yake. Kullum da safe suna da taro, su ce mitin. Fuskoki ne ke fitowa a kwamfuta, kowa cikin ɗan akwatinshi kamar ɗakin tantabaru. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare shi. Shi ke nan, a watse. Ba ina kwana, ba ya iyali, ba ya ruwa.

Yau ban iya daurewa ba. Na leƙa ta bayan kafaɗarshi na yi sallama. Shugabansu, Injiniya Salim, ya amsa. Na tambaye shi gida, na tambaye shi yara, na ce ya gaida mahaifa. Zan koma kan wata Bayarabiya da ke akwatin kusa da shi, Mas'udu ya taka mani ƙafa.

Da aka watse ya ce, "Tsoho, ka cinye mamu rabin mitin."

Na ce, "Mutanen da ba su gaisawa ta yaya za su yarda da juna?"

Ya ce, "Da aiki."

Na ce, "In da aiki ne, me ya sa sai sun ga fuskarka kullum?"

Ya ce, "Ni sabo ne. Kai kana barin sabon ɗan ƙwadago shi kaɗai a gona?"

Ya ci ni. Ba na bari.

Juma'a, bayan masallaci

An ɗauke sabis. Ba Ƙanƙara kaɗai ba, har Faskari, har Sabuwa, har su Malumfashi. An ce saboda waɗancan na daji ne, kada su riƙa kiran juna. Ba wanda ya san ranar dawowa.

Mas'udu ya hau soro, ya hau dutse, ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Babu.

Ɗiyata Suwaibatu na Damari. Sai dai addu'a.

Asabar, da safe

Ƙaramar wayata ba ta rabu da aljihuna ba tun bara. Ba ta taɓa kawo kiran da nake jira ba, amma na san tana iyawa. Yanzu ba ta iyawa. Duk da haka na ba Mas'udu ya sa mani ita caji.

Litinin, bayan magariba

Ya dawo. Tun asuba ya shiga motar Malumfashi, daga can ya kama ta Gwarzo, don sai an shiga ƙasar Kano ake samun sabis. Can ya yi mitin ɗin a benci gaban wani shagon caji.

Injiniya Salim ya ce ya fahimta, amma ɗan gwaji ba zai ɓace mashi ba. Ko dai ya koma Kaduna ko Kano ya zauna, ko kuma Litinin da Alhamis lallai a ga fuskarshi.

Na ce, "Ka tafi Kano. Mu tsofaffi ne, ba mai buƙatarmu."

Ya ce, "In aka aiko fa? Wa za a iske a gida? Kai da ba ka jin sallama sai an maimaita?"

Fatimatuzzahra ta tashi ta shiga ɗaki.

Na tambaye shi ko ya gaya masu yadda hanyar take. Ya ce ya gaya masu babu sabis, iyakar abin da ya shafi aiki ke nan.

Alhamis, da azahar

Ya tafi. Ina zaure.

Alhamis, bayan magariba

Ya dawo. Alhamdu lillahi.

Litinin, da la'asar

Ya tafi, ya dawo. An fara yankan gero a gonakin bakin gari. Na nesa an bar wa tsuntsaye.

Alhamis, bayan magariba

Ya dawo da takalmi ɗaya. Ƙarangiya ta cika mashi wando har gwiwa, ya rungume jakar kwamfuta a ƙirji kamar jariri. Ya ce motarsu ta tsaya a hanya ne suka ɗan taka. Ban tambaye shi me ya tsayar da ita ba. Bai kai Gwarzo ba, ya rasa mitin.

Dada ta zauna tana cire ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago kai ba. Can ta ce, "Mai albashi, na fasa. Na koma wurin mai sanda. Ka zauna gida."

Ba wanda ya yi dariya.

Lahadi, bayan azahar

Zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya. An yi mashi allura. Yana rawar sanyi yana cewa gobe Litinin, in ya sake rasawa shi ke nan.

Na zauna na yi tunani. Tun muna Yargoje, in mai unguwa ya kira taro mutum bai samu zuwa ba, babba ne daga gidan ke zuwa ya zauna mashi. Ɗaurin aure haka, ta'aziyya haka. Ba a cewa gidan wane bai zo ba matuƙar an ga wakili. Har ma girmamawa ce a turo tsoho.

Na san zanen da yake yi da yatsa ya buɗe wayar. Harafin farko ne na sunan ubanshi.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, ko zuciyata ta sauka.

Na sa babbar rigata ta Idi. Na ɗauki wayarshi yana barci. Na gaya wa Dada zan je dubiya. Hanya ba zan yi maganarta ba. Direba bai kunna rediyo ba, ba kuma wanda ya yi tari har muka wuce inda ake wucewa.

A Gwarzo na sami shagon cajin. Na buɗe wayar, amma ban san ƙofar taron ba, sai na miƙa wa mai shagon. Mutumin kirki. Ya lalubo ya danna, sai ga tantabarun sun fito.

Na yi sallama. Na ce, "Ni ne kakan Mas'udu, ba shi da lafiya, na zo wakilci. A rubuta gidanmu ya zo."

Bayarabiyar nan ta rufe baki da hannu.

Injiniya Salim ya ce, "Baba, ina kwana. Wa ya ba ka wayar nan?"

Na ce ni na ɗauka.

"Wa ya shigar da kai?"

Na juya wayar na nuna mashi mai shago, mai shago ya ɗaga hannu.

Na ga fuskarshi ta sauya. Ya ce wa sauran su fita, ya rage ni da shi. Ya yi magana da ladabi, ba zan ɗora mashi abin da bai yi ba. Ya ce, "Baba, cikin wayar nan akwai makullin sirrin marasa lafiya na asibitoci da yawa. Amana ce aka ba Mas'udu shi kaɗai. Yanzu ta bi hannu biyu da ba nashi ba. Dole in rufe ƙofarshi yau, har sai ya kira ni da bakinshi."

Na ce, "Ɗana, ba laifinshi ba ne."

Ya ce, "Na sani. Amma ni ma akwai masu tambayata."

A nan ne bakina ya kuɓuce. Na ce, "Kana son ganin fuskarshi, ni ma ina so. Hanyar da yake biyowa don ka gan shi, irinta ta riga ta ɗauke mani ɗaya. Ranar Alhamis da takalmi ɗaya ya dawo."

Ya ce, "Bai taɓa gaya mani ba." Ya ce in gaida mai jiki.

Na dawo na iske Mas'udu zaune a zaure da bargo, ya birkice ɗakin yana nema. Na miƙa mashi wayar na faɗi komai, ban rage ba.

Ya ce, "Har da maganar Baba?"

Na ce har da ita.

Ya ce, "Alhaji, ban so su ji tausayina ba. So nake su yarda da aikina."

Alhaji. Tun da ya iya magana bai taɓa ce mani Alhaji ba.

Talata, da safe

Dada ta ce, "Gyaran gangar Auzinawa. Da ka ce mani dubiya, ashe kai ne za ka kwantar da aikin."

Ta ajiye mani koko ba ƙosai.

Laraba, da azahar

Ya gaishe ni har ƙasa, kamar baƙo. Na gwammace ya taka mani ƙafa.

Waya shiru.

Alhamis, bayan magariba

Ya tafi da sauran zazzaɓi a jiki, ya dawo. A tsaye ya ba mu labari, ni da Dada da uwarshi.

Ya ce ya ba Injiniya haƙuri, an sauya duk lambobin sirri. Injiniya ya ce zai nema mashi hutu har sabis ya dawo. Mas'udu ya ƙi, don ya san hutun ɗan gwaji sallama ce da ladabi. Sai ya kawo tashi shawarar. Akwai wani kaso da kowa ke gudu: a sa manhajar ta riƙa aiki ko babu sabis, ta adana abin da aka rubuta, in sabis ya dawo ta tura ba tare da ta zubar da komai ba. Ya ce a ba shi wannan, mako biyu, ba mitin, ba kira. Ranar da ya cika ya kawo. In ya yi, a bar shi ya ci gaba a haka. In bai yi ba, ba sai an kore shi ba.

Injiniya ya ce bai taɓa ba sabon mutum aiki ya kau da kai ba. Ya ce zai gwada.

Na ce, "Ashe jinga ka ɗauka."

Ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Jinga dai na san ta. Ka auna wa mutum gona, ku daidaita, ka tafi abinka. Ba ka tsaya mashi a kai, ba ka ƙirga mashi hutu. Ran da ya ce ya gama ka zo ka bi kunya-kunya. Amma ba a ba da jinga sai ga wanda aka san nomanshi. Wannan bawan Allah bai san noman Mas'udu ba. Abin da ya sani shi ne kakanshi na ɗaukar waya.

Asabar, da hantsi

Ya rufe ɗakin zaure. Sai ƙas ƙas ƙas na yatsu.

Litinin, da safe

Na ƙwanƙwasa na ce, "Ina aka kwana? Me aka yi jiya?" Ya ce ana kai.

Talata, da safe

Na sake tambaya. Ana kai.

Laraba, da hantsi

Ina ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa Dada ta riƙe mani riga. Ta ce, "Malam, an raba yaro da mitin ɗin Kaduna, kai ka buɗe na Ƙanƙara? Injiniya Salim na biyu, mai sanda."

Na koma tabarmata. Ashe kau da kai aiki ne. Na fara jin tausayin mutumin Kaduna. Ni bango ɗaya ne tsakanina da yaron, ina jin motsinshi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shi fa?

Juma'a, bayan masallaci

Hadari tun shekaranjiya, sola ba ta kamawa. Yana kashe kwamfuta ya rubuta a takarda, in rana ta leƙo ya kunna. Ya ce ba wurin cajin wayoyin gida sai an gama. Na miƙa mashi tawa ta mutu a hannunshi. Ya dube ni, ya san abin da take jira. Ya ce, "Taka ban da ita." Na ce, "Har da ita."

Asabar, da la'asar

Malam Sha'ibu maƙwabcina ya zauna kusa da ni a dakali. Ya yi ta zagaye, sannan ya ce, "Alhaji, mutane na magana. A irin wannan lokaci ba a son ɗaki rufe. Yaro na zuwa inda ake samun sabis ya dawo ya kulle kanshi. Me yake yi?"

Na ce aiki.

Ya ce, "Aikin da ba zufa, ba a ganinshi?"

Na ce ni ma ban gani ba, amma na yarda.

Da na faɗa sai na ji ashe gaskiya na faɗa.

Litinin, da azahar

Wani direba ya kawo saƙon Suwaibatu daga Damari. Suna nan. Sun ɗan kwana biyu a Sabuwa sun koma. Ba ta faɗi dalili ba.

Talata, bayan la'asar

Na ji ya buga tebur ya ce innalillahi. Na tashi, na kai bakin ƙofa, na tsaya. Na koma na zauna. Fatimatuzzahra ta kai mashi abinci ta dawo da shi yadda yake.

Laraba, da magariba

Ya fito ya yi wanka. Idanunshi jawur. Ya ci tuwo malmala biyu. Ban tambaya ba.

Alhamis, da safe

Ya tafi. Na ba shi takalmina na Idi, ya karɓa.

Alhamis, bayan magariba

Motar ƙarshe ta shigo tasha. Ba shi.

Direban ya ce bai gan shi ba. Haka wancan direban ya ce mani bara, da irin wannan murya, yana kallon taya.

Ban gaya wa Fatimatuzzahra ba. Ba ta tambaya ba. Ta ga na shigo ni kaɗai.

Juma'a, da asuba

Ni na jawo. Da ban je ba. Da ban je ba.

Juma'a, da hantsi

Ina tasha.

Juma'a, bayan la'asar

Ya dawo! Ya dawo da ƙafarshi, da takalmina duka biyu!

Daga mota ya hango ni ya ce, "Tsoho, kai ne sabon ɗan kamasho?" Tsoho ya ce. Na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha, da babbar riga, ban ji kunya ba.

Ashe bin kunya-kunya ne ya ɗauki lokaci. Sun kashe sabis da gangan, sun kunna, sun kashe, sun cika ta da sunayen ƙarya, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Sun sami kuskure a wuri biyu, ya gyara a kan bencin. Kafin a gama yamma ta yi, Injiniya da kanshi ya ce kada ya kuskura ya hau hanya, sai mai shago ya ba shi tabarma. Ba yadda zai sanar da mu.

An buɗe mashi ƙofa. An ce ya ci gaba da jinga. Sau ɗaya a mako biyu zai kai aiki ya karɓo wani. Sau ɗayan ma ya yi mani yawa, amma ba zan yi wa Allah butulci ba.

Sannan ya ce an ba shi saƙo gare ni. Ya buɗe kwamfuta, ba sabis ba komai, a ciki aka adana. Sai ga tantabarun nan. Injiniya Salim ya fara: "Assalamu alaikum Baba. Ina wuni? Ya gida? Ya Hajiya Dada? Ya ƙarfin jiki? Ya amfanin gona?" Bai rage ko ɗaya ba. Ya ce, "Gidanku ya zo, an rubuta. Amma don Allah a bar mana wayar." Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe ni. Bayarabiyar ta ce "Baba sannu da gida" da wata irin Hausa, Dada ta yi dariya har da tari. Na amsa wa kowa, ko da Mas'udu na ce mani ba su ji. Na sa ya maimaita na sake amsawa.

Na sa an cire labulen zaure, an shimfiɗa tabarmi har waje. Gani ya kori ji. Malam Sha'ibu, zo ka ga aikin da ba zufa. Mutanen masallaci ku zo, matan unguwa ku zo, 'yan tasha ku zo, mutanen Yargoje da ke warwatse cikin garin nan ku zo. Suwaibatu, in hanya ta yi kyau. Ƙofa a buɗe take.

Na sa wayata caji.

Rabo. Ga shi na rubuta. Rabo, zo ka ga ɗanka.